Ƙofa biyu, zare ɗaya

Litinin, 8 ga Janairu 2024, Karkarna
Hazo tun asuba. Akwatin ya iso daga Kano ta Kazaure, ɗan acaɓa ya ƙaraso da shi. Na'urar LTO-4 ta hannu, kaset uku, kowanne yana cin gigabait 800. Oga na so a kwashe takardun ofis gaba ɗaya a zuba a kai. Na ce, "Yallaɓai, sai na duba direba tukuna." Ya ce wane direba kuma, ba ya sauke kaya ya tafi ba? Na danne dariya.

Talata, 9
Katin SAS, mai haɗa na'urar da kwamfuta, ya zauna. Linux ta gane na'urar, sunaye biyu suka fito, st0 da nst0. Direban shi ne st, wanda Kai Mäkisara, ɗan Finlan, ya daɗe yana kula da shi. Ɗaki ɗaya, ƙofa biyu. Ka shiga ta st0, kana gamawa ya nannaɗe zaren ya koma farko. Ta nst0 kuwa inda ka tsaya nan zai bar ka.
Ga direban nan babu sunan fayil, babu kundi. Gaba, baya, da alamar da yake dangwalawa in an rufe rubutu. Shi ke nan saninsa. Kaset ɗin wa'azin Baba ya faɗo mini a rai, da biron da muke juya shi da shi.

Laraba, 10
Ba wuta. Na share ƙura, na rufe na'urar da tsohon rawani.

Alhamis, 11
Janareta. Gwajin farko da manhajar tar. Zaren ya ruga, ya tsaya, ya ja baya, ya sake rugawa, awa guda ana haka. Na'urar tana iya shan megabait 120 a daƙiƙa, tsohuwar kwamfutarmu kuwa ɗigo-ɗigo take ba ta. Wannan kai-komo shi ke cinye zare da kan karatu. Na sa mbuffer a tsakani, a tara a randa kafin a zuba. Na kuma ƙara girman ƙullin bayanan. Ƙarar ta daidaita. Har shayi na saya wa maigadi.

Juma'a, 12
Bayan masallaci kundin farko ya shiga duka. Takardun filaye, na albashi. Alhamdu lillahi. Na share na kan faifai don hotuna su sami wuri.

Asabar, 13
Kundi na biyu, hotuna. Tun da an kashe na'urar jiya, zare yana farko, sai an tura shi ƙarshen abin da aka rubuta. Na ba mt umarnin eod, na fita la'asar. Na dawo, shiru, na fara rubutu. Rabi ya shiga, janareta ya mutu.

Daren Asabar
Barci ya ƙi. Ta wace ƙofa na ba da umarnin? In st0 ce, zaren ya je ƙarshe ya komo farko ina sahu, hotuna sun hau kan takardun filaye. Kuma duk inda sabon rubutu ya tsaya, nan na'urar take ɗauka a matsayin ƙarshe, ba ta wuce shi. Harafin n guda ɗaya.

Lahadi, 14
Tarihin umarnan jiya ya tafi da wutar. Na je Roni suna, ban ji ɗanɗanon komai ba. Inna ta ce ko zazzaɓi ne.

Litinin, 15
Ban gaya wa Oga ba. Lita biyu na man janareta daga aljihuna. Na mayar da zare farko, ta nst0, na karanta sunan sau uku kafin in danna. Saƙo ya fito wai ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. Gabana ya faɗi. Can na tuna: tar tana neman ƙulli mai bait 10,240, ni kuwa manya na rubuta, direban ba ya tura babban ƙulli a ƙaramin kwano. Wannan dai ba ɓarna ba ce.
Ina gyara lambar, fitilar neman shara ta kama ƙiftawa. Ƙura ta shiga duk da rawanin. Kaset ɗin sharewa ba ya cikin akwatin.

Talata, 16
Na kira Kano kan kaset ɗin sharewa. An ce Alhamis, in Allah ya so. Kaset ɗin takardun yana aljihun tebur cikin leda biyu. Oga ya leƙo, "Malam, an gama?" Na ce saura kaɗan, Yallaɓai.
Hazo ya ƙaru.