Jirgi zai tsaya Maraɗi, mu kuwa direba ke kai mu kasuwa

 

Kwanakin nan duk inda munka zauna, ko wurin suna ko bakin rijiya, sai an taɓo zancen jirgin ƙasa da zai taso daga Kano ya zo Maraɗi. Har wasu cikinmu sun fara lissafin bashin da za su ɗauka don shi. Shi ya sa munka ga ya dace mu tattara abin da ya tabbata, mu auna shi da akwatinmu.

A watan Fabrairu na 2021 ne shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, kuɗinta kusan dala biliyan 2 na Amurka. Tsawon layin kilomita 284. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, sa'annan ya shigo ƙasarmu ya ƙare a Maraɗi. An sha ɗaga ranar gama shi.

To, ku lura da kyau: Maraɗi zai ƙare. Daga Tasawa zuwa can fiye da kilomita 100 ne bisa babbar hanyar Damagaram, ƴan Mayahi ma sai sun yi tafiya mai nisa. Waken da munka aje, da aya, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da jar akuyar da munka yi kiwo, babu wanda zai hau jirgi daga ƙofar gidanmu. Amalanke ke fidda su ƙauye, direba ya ɗauka a tasha. Ke nan duk abin da ya taɓa direba ya taɓa asusunmu.

Wannan ba sabon darasi ba ne gare mu. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar ta sake rufuwa har Maris 2024. Mun ga motoci jere a tasha, direba da yaron mota suna kwance ƙarƙashinsu. Mun ga yaran da uwayensu sunka ci bashin asusu don haɗa musu kuɗin babur ɗin kabu-kabu suna dawowa da maraice hannu wofi. A ƙungiyarmu, wata baiwar Allah da ba ta taɓa latti da biya ba sai da ta saida tunkiyarta biyu kafin ta rufe bashinta. Ba ragganci ta yi ba. Hanya ce ta tsaya, ita ma ta tsaya.

Aikin dogo shi ma yana taɓa hanya tun kafin a ji kukan jirgi. Inda duk ake shimfiɗa shi, sai an tare wani wuri an karkata motoci, manyan motocin yashi da tsakuwa su cika titi, ƙura ta tashi. Direban da ya yi zagaye ya ƙona mai, a kanmu zai fanshe. Mai tuyar ƙosai ko awara a bakin titi kuwa, ranar da aka kauda motoci daga gabanta, ranar kasuwarta ta tashi. Bayan an gama ma, layin dogo ba kamar kwalta ba ne da kake ƙetarawa inda ka ga dama. Sai wurin da aka yi mashiga. In mashigar ta yi nisa, mai amalanke da mai kora awaki da yaran makaranta duk sai sun zagaya.

Waɗanda sunka je Yamai cikinmu sun ga haka da idonsu. A 2014 aka fara layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, kamfanin Bolloré na Faransa ya yi shi, shugaba Mahamadu Isufu ya buɗe shi a farkon 2016. Ƙarafan sun ratsa cikin birni, masu mota da babur sunka koma neman wurin ƙetarawa. Amma jirgin haya bai kama aiki a kansa ba. Duk wadda ta ci bashi ta gina rumfa tana jiran fasinjan wancan jirgi, da me za ta biya?

Ba muna cewa jirgin Maraɗi ba shi da amfani ba ne. In Allah ya sa ya fara tafiya, siminti da taki da sauran kaya masu nauyi za su iya zuwa da sauƙi, namu ma su isa Kano ba tare da tsaye-tsayen shingaye ba. Direbobin manyan motoci na dogon zango su ne za su ji jiki, don jirgi ɗaya zai kwashe lodin motoci da yawa. Masu ƙananan motoci da ke shiga ƙauyuka kuwa aikinsu na iya ƙaruwa, tunda kayan da aka sauke Maraɗi dole wani ya kawo su Tasawa da Mayahi. Mazanmu da ɗiyanmu da ke tuƙi ya kamata su ji wanga zance daga bakinmu tun yanzu.

Ga abin da munka tsaida a ƙungiyarmu, ko wasu za su ɗauka. Ba za mu ba da bashi don sana'ar da ke jiran jirgi ba sai ranar da jirgin ya fara ɗaukar kaya. Mun ƙara abin da muke zubawa a asusun taimako, don in hanya ta sake tsayawa kada wata ta saida dabbarta. Mun fara haɗa kayanmu wuri guda mu yi ciniki da direba ɗaya, maimakon kowa ta biya nata. Ƴan uwanmu na wajen Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi kuwa, ku da layin zai bi ta kusa da ku, ku je wurin magajin gari da hakimai a ƙungiyance. Ku tambayi inda za a sa mashiga, da inda za a maida masu sana'ar bakin hanya, ku sa marubuciyarku ta rubuta amsar da kwanan wata.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar nan tamu ta Maraɗi, dokarmu ba ta sake ba: ba a rabon kuɗi sai an buɗe akwati an ƙirga gaban kowa. Jirgin ma haka za mu yi masa.

Allah ya kiyaye direbobinmu a hanya, ya sa albarka a zubinmu. Amin.