Ajiyar Ɗan Dako: Cigiya Bayan Shekara 40

A Kasuwar Sabon Gari mutum yana iya yin shekara goma kuna cin abinci a kwano ɗaya ba ka san sunan da aka raɗa masa ba. Kowa da laƙabinsa: wannan Dogo, wancan Bazazzagi, wani Ɗan Nijar, wani Mai Baro. Muddin ana raye laƙabi ya wadatar, da shi ake kiran mutum ya ɗauki kaya, da shi ake ba shi bashi. Ranar da laƙabi yake gazawa ita ce ranar da mutum ya faɗi aka rasa gidan da za a kai labari.

Kano ta ga irin waɗannan ranaku. An yi rikicin watan Mayu na 1953 tsakanin Fagge da Sabon Gari, an yi na 1966, an yi na Oktoba 1991 da na Mayu 2004, ga kuma bam ɗin tashar New Road a watan Maris na 2013. Amma wanda ya fi barin gawawwaki marasa suna a bakin dattawanmu shi ne rikicin Maitatsine. Ya fara ranar 18 ga Disamba 1980 a filin Shahuci, ya ɗauki kwana goma sha wani abu, sai da sojoji suka shigo unguwar 'Yan Awaki, inda Muhammadu Marwa ya yi sansani, sannan wuta ta mutu. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu, wanda gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kafa, ya ce mutum 4,177 suka rasu. Da yawa daga cikinsu rami ɗaya aka haɗa su. Adadi muke da shi, sunaye kuwa sun tafi tare da masu su.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓace a kwanakin nan ɗan dako ne da yake ɗaukar wa mahaifina kaya. Mahaifina kwanuka da tasoshi yake sayarwa a kasuwar, wadda yanzu take ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan lokacin rikicin. Kowa Buzu yake ce wa ɗan dakon, ko da yake ba Buzu ba ne, daga Nijar kawai ya zo, cikin mutanen da fari na 1973 da 1974 ya koya wa hanyar ci-rani. Yakan zo bayan an kai amfanin gona gida, ya koma idan damina ta kusa. A wani zaure yake kwana tsakanin Fagge da 'Yan Awaki. Kayansa kuwa, wato ƙaramin akwatin ƙarfe, a rumfarmu yake ajiyewa, kuma duk abin da ya samu sai ya ba mahaifina ya rubuta a littafin ajiya. Ya tara naira 62. Ya ce keken ɗinki yake so ya saya wa matarsa.

A rana ta uku da fara rikicin ya ce zai je ya ɗauko bargonsa a zauren. Bai dawo ba.

Mai karatu zai ce to me ya hana a yi cigiya? An yi, amma da murya ƙasa-ƙasa. Bayan ƙura ta lafa, duk baƙon da ya fito daga Nijar ko Chadi ko Kamaru kallon ɗan Tatsine ake yi masa, tunda an samu baƙi a cikin mabiyan mutumin. Wanda ya je yana tambayar wani da ya ɓace a 'Yan Awaki yana iya jawo wa kansa tambayoyin da bai shirya amsawa ba. Mutanen garinsu suka watse. A Janairun 1983 gwamnati ta kori baƙin haure, a 1984 aka rufe iyakoki. Sai na nan suka ce ai ya gudu gida, na gida suka ce Kano ta riƙe shi. Haka ake ɓatan mutum sau biyu.

Mahaifina bai taɓa yarda ajiyar ta shiga cikin jarinsa ba. Da aka canja launin kuɗi a 1984 ya je ya canjo, ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashin lissafin. Da ƙarfinsa ya ragu ya daina fita, ya sa aka kawo masa akwatin da littafin gida, wannan ya sa gobarar da ta cinye dubban rumfuna a watan Maris na 2016 ba ta same su ba. Cikin wasiyyarsa, kafin ya ambaci gida ko gona, sai da ya ce mini, "Kayan Buzu ba namu ba ne. Ka nemi masu shi." Ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa labarin wani Ba'amurke ne, Todd Matthews, ma'aikacin masana'anta, ba ɗan sanda ba, ba likita ba. A 1968 surukinsa ya tsinci gawar wata mace a nannaɗe cikin tamfal a jihar Kentaki. Aka binne ta ba suna. Matthews ya shafe shekaru yana rubuta wasiƙu yana tambaya, har a 1998 ya ci karo da cigiyar da wata mata ta sa a intanet tana neman 'yar'uwarta. Gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ita ce, bayan shekara 30. Daga baya, a 2017, wasu mata biyu suka kafa ƙungiyar sa-kai mai suna DNA Doe Project. A 2018 suka gano sunan wata budurwa da aka tsinci gawarta a jihar Ohayo tun 1981, ta hanyar bin dangantakar jini da mutanen da suka sa sakamakon gwajinsu a intanet. Mu nan ba mu da irin wannan rumbun, kuma ba mai tone kabarin bai-ɗaya don ɗan dako. Amma abin da ya fara kai Matthews ga nasara ba na'ura ba ce, naci ne da tambaya. Wannan kuwa muna da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Na buɗe akwatin a gaban ƙannena biyu don a samu shaida. Akwai riga 'yar shara, da carbi, da laya, da 'yan silallan sefa, da hoto baƙi-da-fari wanda wani mai hoto a Sabon Gari ya ɗauka. Yana tsaye, ya dafa kujera, da agogon aro a hannu. Ba wasiƙa, ba takardar haraji.

Hoton nan na kai wa wani tsohon ɗan dako da yanzu ba ya iya ɗaukar komai, sai dai ya zauna a bakin ƙofar kasuwa yara na sayo masa koko. Ya daɗe yana kallo, ya matso da shi kusa da ido.

"Baba, ko ka gane shi?"

"Yaro, ai ba ni za ka tambaya ba, fuskarsa za ka tambaya. Ba ka ga zanen ba? Bagobiri ne. Kuma ni na san yana yawan zancen kasuwar Tsibiri."

A nan na gane cewa tsagar da muke yi wa kallon abin da ya wuce ita ce katin shaidar mutanen da. Kalma ɗaya ta rage mini ƙasar Nijar gaba ɗaya zuwa kewayen Maraɗi. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ƙara da cewa mutumin yana da ɗan yatsa ɗaya da ya lanƙwashe, ya ce rijiya ce ta yi masa haka. Wata tsohuwa da ta yi sana'ar tuwo a Fagge ta tuna cewa a zuwansa na ƙarshe ya ce ya bar matarsa da ciki. Ita ce kuma ta ce ta hange shi ranar da ya ɓace yana bin hanyar zauren, lokacin ana ta harbi. Kowa da guntunsa. Ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Na ɗauki hoton hoton da waya, na rubuta waɗannan alamomi, na ba direbobin da ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya su tsallaka Maraɗi. Suka tura wa 'yan'uwansu ta WhatsApp. Wani malamin makaranta a can, wanda ban taɓa gani ba, ya ɗauki abin kamar nasa. Ya kai cigiya wani gidan rediyo, ya riƙa nuna hoton ranar kasuwa. Sau biyu aka ce an gane shi, sau biyu alamar yatsa tana warware zancen. Mun bar wannan alamar a hannunmu da gangan, ba mu sa ta a cigiya ba, domin duk inda aka ambaci ajiya ba a rasa mai cewa nasa ne.

Bayan wata goma sha huɗu saƙon murya ya shigo. Muryar tsohuwa ce tana rawa: "Wanga ƙanena na. Ku duba hannunai na dama, guga ta karya mai yatsa yana yaro." Ta faɗi sunansa da na mahaifinsu. Iyalin sun roƙi kada in buga sunan, na kuma yi musu alkawari. Amma na rubuta shi a littafin mahaifina, a saman inda aka sa Buzu.

A 2022 muka je ni da ƙanena. A can na ga nauyin da rashin sani yake ɗora wa gida. Mahaifiyarsa ta rasu tana hana a taɓa ɗakinsa. Matarsa ta haifi 'ya mace, ta yi ta jira. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi mu da su, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali a yanka mata shekara huɗu, idan ba labari sai ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsararsa ba su cika wucewa ba, wanda malamai da yawa suka ce 70 ne. Matar ta yi wani auren daga baya, amma gonarsa ta zauna a hannun dangi, ba a ce ta marainiya ce ba, ba a ce ba tata ba ce. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar mutane. Wasu sun ce ya yi sabon aure a Kano ya manta da su. Wasu sun ce ya shiga Tatsine. 'Yar ta girma da waɗannan zantuka biyu a kunnenta.

Yanzu ita ma tana da jika. Muka zauna a zauren mai gari, na karanta musu littafin layi-layi: ranar da ya ba da naira uku, ranar da ya ba da ɗaya da sule biyar, da inda mahaifina ya rubuta "don keken ɗinki". Na faɗa musu abin da mai tuwo ta gani, da cewa bargo ya je ɗaukowa. Ta ce, "Ashe bai yashe mu ba." Daga nan ba ta ƙara magana ba. Game da kuɗin, mun tambayi malamai tun a Kano, muka tsaya a kan cewa naira 62 ta yau ba ita ce amanar da aka ba mahaifinmu ba. Keken ɗinki muka saya a Maraɗi muka kai. Washegari aka yi masa addu'a da sadaka, aka karɓi gaisuwa kamar jiya ya rasu.

Da na dawo na ba maƙwabcina labari, wani Inyamuri mai sayar da kayan lantarki wanda a Sabon Gari aka haife shi. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙanen kakansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kano, tun 1966 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma har yau a ƙauyensu ba a yi masa bikin binnewa ba. Wannan ciwo bai san ƙabila ba. Ba kuma tsohon labari ba ne kaɗai: ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana da rajistar mutum fiye da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasari saboda rikicin arewa maso gabas, fiye da rabinsu kuma yara ne lokacin da suka ɓace.

Wanda yake da irin wannan nema a gidansu, shawarata ita ce ya fara da tsofaffi, yau ba gobe ba. Wanda yake ɗan shekara 25 a Disamban 1980 yanzu yana wajen 70. Ka je da goro, ka zauna, ka naɗi muryarsu idan sun yarda. Tambayi zane, tambayi karin harshe, tambayi kasuwar da mutum yake yawan ambata. Ka riƙe alama ɗaya a ɓoye don tantance masu da'awa. Kada ka watsa hoton gawa, kada ka ɗora wa kowa laifin kisa, aikinka nemo suna ne, ba shari'a ba. Idan ka samu dangin, ka bi ta hannun mai gari ko limami, don labari irin wannan ba a jefa shi ta waya.

Mu kuma 'yan kasuwa akwai abin da ba ya cin ko sisi. Yaron shagonka, da mai baron da ke jiran ƙofarka, da almajirin da ke wanke wa iyalinka kwanuka, ka tambaye su cikakken suna da sunan mahaifi da garinsu da lambar wani nasu, ka rubuta, ka ajiye kwafi a gida. Shugabannin layuka da na 'yan dako za su iya mayar da shi ƙa'ida. Allah ya kiyaye mu da fitina, ya jiƙan waɗanda aka binne ba a san su ba, ya sanyaya zukatan masu jiransu.