Ziyara Muka Zo

Karatu: Farawa 12:10-20, 26:6-11

 Shugabanninku sun roƙe ni in rubuta wani abu a kan zama a ƙasar waje, tun da yanzu ko'ina aka zauna bayan sujada maganar fasfo ake yi. Da na yi niyyar in jera muku shawarwari, sai na ga gara in ba ku labarin abin da ni kaina na aikata.

A farkon 2017 aka aike ni da iyalina Accra, babban birnin Ghana, domin aikin bishara cikin masu jin Hausa a unguwannin zango irin su Nima da Madina. Mu biyar ne: ni, uwargida, da yara uku, babbansu yana da shekara tara. Ba mu nemi biza ba. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda cewa ɗan kowace ƙasa a cikinsu zai iya shiga ɗaya ƙasar ba biza, in yana da takardar tafiya da katin rigakafi, ya zauna har kwana 90. Sai dai kwana 90 ɗin nan na baƙo ne. Wanda zai zarce haka, ya kama gida, ya kama aiki, sai ya je ofishin shige da fice ya nemi takardar izinin zama.

Na san wannan sarai. Amma takardar tana son kuɗi, ga mu mutum biyar, tana kuma son wasiƙu da hotuna da kaiwa da komowa. Tallafin da ake aiko mana kuwa naira ne, kafin a canja shi zuwa sidi ya rame. Sai wani ɗan'uwa da ya riga ni daɗewa a ƙasar ya nuna mini gajeriyar hanya. Ya ce in kwanakin sun kusa cika, mu fita ƙasar mu sake shigowa, sai lissafi ya koma farko. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. Har Turawa masu zama a Tailan haka suke yi, su ƙetara Laos su dawo.

To, kowane wata uku sai mu tashi da asuba mu shiga mota, mu haye gadar Sogakope a kan kogin Volta, kafin azahar mun isa Aflao. Birnin Lome na Togo manne yake da iyakar, da ƙafa ake shiga. A buga mana hatimin fita, a buga na shiga, mu zauna bakin teku yara su ci burodin Faransa su yi wasa da yashi, da la'asar mu juyo. Sabon hatimi, sabbin kwana 90. Yaran har suna suka sa wa tafiyar, wai hutun Togo. Sau shida muka yi haka cikin shekara ɗaya da rabi.

A karo na shida jami'in da muka tarar ya daɗe yana buɗe shafukan fasfona. Ya tambaye ni me zan shiga yi. Na ce ziyara. Ya ce ta kwana nawa? Na ce 'yan makonni. Ya dube ni, ya dubi yaran, ya buga hatimi bai ce kome ba. Mun shiga mota ke nan sai babban ɗana ya taɓa ni.

"Baba, wa za mu ziyarta? Ba gida za mu ba?"

Na ce ya yi shiru, in ya girma zai gane. Uwargida ta juya tana kallon hanya. Sai da dare, bayan yara sun kwanta, ta ce, "Baban yara, wai me zai gane in ya girma?"

Kada ku yi tsammani na rasa amsa. Wanda ya yi shekaru a kwalejin tauhidi ba ya rasa amsa, abin tsoron ke nan. Na ce mata ban ga inda doka ta ƙayyade sau nawa mutum zai shiga ba. Na ce ai aikin fasto ziyara ne, gida-gida nake bi. Na ce 'yan makonni ma ba ƙarya ba ce, tun da wata uku mako goma sha uku ne. Kowace magana da 'yar gaskiya a cikinta. Ta bar ni na gama, ta ce sai da safe.

Ku duba Abram. Yunwa ce ta kore shi zuwa Masar, ba yawon buɗe ido ba. Da suka kusa shiga ƙasar tsoro ya kama shi, ya roƙi Saraya ta ce ita 'yar'uwarsa ce. In kun karanta Farawa 20:12 za ku ga akwai gaskiya a ciki, ubansu ɗaya. Amma ya zaɓi guntun gaskiyar da zai sa Masarawa su gaskata abin da ba haka yake ba. Na sha yin wa'azi a kan wannan sura ina girgiza kai. Abin da ban taɓa tsayawa a kansa ba shi ne sura 26, inda Ishaku, shi ma cikin yunwa, shi ma baƙo a Gerar, ya faɗi magana iri ɗaya game da Rifkatu. Lokacin da mahaifinsa ya yi nasa ba a ma haifi Ishaku ba. Littafi bai gaya mana yadda ya koya ba, amma ga shi ya iya.

Nawa yaran na ga yadda suka koya. Bayan kamar mako biyu na dawo daga addu'ar yamma na tarar suna wasan boda a tsakar gida. Autar ce jami'a, da murfin kwalba a hannu a matsayin hatimi. Ta tsakiyar ta miƙa littafin makarantar Lahadi wai fasfo. Da aka tambaye ta me ta zo yi, ta ce gidansu a nan yake. Sai yayan ya ja ta gefe ya rage murya: "Ba haka ake cewa ba. Ki ce ziyara."

Akwai wani dattijo Musulmi maƙwabcinmu, haifaffen Ghana, asalin iyayensa Sakkwato. Shi na fara gaya wa, ban san dalili ba, wataƙila don ba ɗan ikkilisiyata ba ne. Bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, yadda ya ga mutanen da suka yi shekara talatin a zango suna sayar da gado da tukwane a kan hanya. Ya tuna mini kuma cewa a 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan, har jakar nan da kuka sani ta samu suna. Ya ce, "Fasto, baƙo raɓa ne. Je ka nemi takardarka tun rana ba ta fito ba."

Na je. Na faɗi ranar da muka fara zuwa da aikin da nake yi. An yi mini tambayoyin da suka sa ni gumi, na koma ofishin sau da yawa, uwargida ta sayar da keken ɗinkinta muka cika kuɗin. A farkon 2019 takardunmu suka fito. Da na zauna na lissafa kuɗin mota da abinci na tafiya shida, na ji kunya. A watan Maris na 2020 Ghana ta rufe iyakokinta saboda korona, na kan tudu ba su buɗe ba sai Maris na 2022. Ɗan'uwan da ya koya mini hanyar Aflao ya kwana da fargaba wata da watanni. Ban faɗi wannan don in ce an ba ni lada shi an hore shi ba. Mutumin kirki ne, yaransa sun fi nawa yawa, tallafinsa bai kai nawa ba. Akwai kuma waɗanda gudun rai ya fitar da su, kamar Yusufu da Maryamu da jaririn, ba su nake nufi ba. Ni ba wanda ya kore ni. Araha na bi, na kuma ji tsoron a ce mini a'a.

Wanda zai fita a cikinku, ya tambayi kwana nawa aka ba shi, da abin da aka yarda ya yi a cikinsu, ya kuma tambaya a ofis, ba a tashar mota ba. Dokokin nan suna canjawa. Ko Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. In za a aike ku aikin bishara, ku sa kuɗin takardar zama cikin abin da za ku tattauna da dattawa tun kafin a ɗora muku hannu.

Kafin in aiko da wannan rubutu na ba babban ɗana ya karanta, tun da labarinsa ne shi ma. Yanzu ya fi ni tsawo. Na tambaye shi ko yana tuna ranar. Ya ce yana tunawa, kuma tun a cikin motar ya san ba gaskiya na faɗa wa jami'in ba. Ya ce abin da ya daɗe yana jira shi ne in ce masa haka da bakina. Ashe na gyara takarda da gwamnati, na tuba a gaban Ubangiji, ban taɓa komawa wurin yaron da na ce ya yi shiru ba. Ranar Talatar da ta wuce na roƙe shi gafara a ɗakin karatuna.