Yoga Ta Wuce Lanƙwasa Jiki

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga watan Yuni ta zama Ranar Yoga, a shekarar 2014, nakan ga hotunan dubban mutane bisa tabarmi suna ta lanƙwasa gaɓoɓi. Abin yakan ba ni mamaki, domin a littafin da masana suka ɗauka tushen al'amarin, watau Yoga Sutra na malamin Hindu Patanjali, cikin gajerun jimloli wajen 196, uku kacal ne suka yi bayanin zaman jiki.

Matakai takwas malamin ya shimfiɗa, zaman jiki kuwa na uku ne. Kafin almajiri ya kai gare shi, sai ya daina cutar da kowane mai rai, ya bar ƙarya da sata da tara abin duniya, ya kame sha'awarsa, kana ya lazimci tsabta da wadar zuci. Wannan fa, mai karatu, ya fi tsayuwa bisa ka wuya nesa ba kusa ba! Ni a ganina, shi ya sa aka tsallake shi. Bayan zaman sai sarrafa numfashi, da janye ido da kunne daga abin da ke waje, da tattara hankali wuri guda.

Ita kalmar ma daga tushen da ke nufin ɗaura karkiya ta fito, kamar yadda akan yi wa shanun huɗa. Abin da ake horarwa a nan zuciya ce, mai yawan tsalle-tsalle, har ruhi ya gane, bisa aƙidarsu, cewa shi dabam yake da jiki da tunani, ya kuɓuta daga mutuwa da sake haihuwa.