Kafin A Kwance Maka Gaban Mota

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini kana shirin cire rediyon da Hondarka ta zo da shi, ka sa irin mai allon nan da ake shafawa da yatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira Android. Ba zan hana ka ba. Abu ne mai amfani: ga taswira, ga amsa kira ba tare da ka ɗauki waya ba, ga kyamarar baya, wadda ita kaɗai ta isa dalili a unguwa irin taku da yara ke wasa a gindin mota. Sai dai ni da na tsufa a aikin wayarin, motoci da yawa an kawo mini wutarsu a rikice, kuma da na buɗe sai in tarar hannun mutum ne ya rikita ta, tsufan motar bai yi komai ba. Kai allon za ka riƙa gani. Abin da zai ba ka lafiya ko ya hana ka barci yana bayansa, inda ba ka gani.

Fara da sanin motarka. Da Corolla ce ta wancan zamani, da aikin ya zo da sauƙi, domin ramin rediyonta ramin rediyo ne kawai. Taka kuwa Accord ce ta 2004, wadda ake ce wa EOD, kuma a Accord ɗin 2003 zuwa 2007 rediyo da maɓallan esi a fuska ɗaya suke, haɗe. Wanda ya fizge rediyon ya fizge esin tare. Don haka allon da za ka saya sai wanda aka ƙera wa wannan motar musamman, mai zuwa da firam ɗinsa da na'urar da ke karɓar aikin esi. Shi ma iri biyu ne, domin akwai Accord mai sanyi bai ɗaya, akwai wadda direba da na kusa da shi kowa ke saita nasa. Ka faɗa wa mai kaya wacce ce taka tun kafin ya buɗe kwali. In kuma ba ka son a taɓa esin ko kaɗan, ana barin tsohon rediyon a mazauninsa, a sa ƙaramin allo a aljihun da ke ƙasansa. Ni wannan na fi so, ko da bai kai wancan ƙawa ba.

A Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari za a jera maka su, kowanne kwalinsa na alkawari. Kada ka yarda da kwali. A jona shi da batir a gabanka, ka latsa taswira, ka ga ko yana amsawa nan take ko sai ya yi tunani. Mai RAM gigabait 1 ka bar musu kayansu. Daga 2 zuwa sama ake magana. Ka fito da shi hasken rana ka duba, don allon da ke ƙyalli a cikin shago yakan zama baƙi ƙirin da azahar.

To, sai wayoyi, kuma nan nake so ka tsaya da ƙafarka, kada ka ajiye makulli ka tafi cin abinci. A bayan sabon rediyo akwai waya ruwan ɗorawa da ke shan wuta daga batir dare da rana don ya riƙe abin da ka saita, akwai ja da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, akwai baƙa da ke komawa jikin mota. Malalacin mai wayarin yakan murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya don ya huta da nema. Ranar komai zai yi aiki, ka biya, ka yi godiya. Amma rediyon ba zai ƙara mutuwa ba ko makulli na aljihunka. Ka ajiye motar kwana biyu, ka zo da asuba ka yi kik, shiru. Daga nan sai ka zargi mai batir, ka sayi sabo, ka zargi altaneta, alhali ɓarawon yana cikin dashbod.

Babbar dokata ita ce kada a yanke wayar mota ko ɗaya. Ana sayar da soket da ke shiga na motar daidai, a ɗaya gefen a haɗa wayoyin rediyo, a liƙe su da dalma, a rufe. Wanda ya ce maka babu shi a kasuwa, ka ce za ka jira. Haɗin murɗe da salatif ba ya jure zafin watan Afrilu a motar da ta wuni a rana. Gam ɗin ya narke, waya ta tsiraita, ta taɓa ƙarfe. In fis na nan, shi zai ƙone ya ceci motar. In kuwa an taɓa maye gurbinsa da sililin waya, kamar yadda wasu ke yi, wayarin ɗin ne zai ci wuta. Na ga mota ta ƙone ƙurmus a kan haka, mai ita yana tsaye da ledar ruwa a hannu. Kuma duk soket ruwan ɗorawa da aka gani a ƙarƙashin sitiyari ko bayan dashbod, na jakar iska ne, ba a tsokanarsa da fitilar gwaji. A cire kan batir na nigetif kafin a fara, amma ka nemo lambar sirrin tsohon rediyon tukuna, domin na Honda yakan kulle kansa in wuta ta yanke.

Akwai wata shuɗiyar waya da ake yawan mantawa. Eriyar motarka a gilashin baya take, tana da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke buƙatar wuta daga wannan wayar. In an bar ta a sake, Freedom Radio za ta fara shashsheƙa tun ba ka yi nisa da gari ba. Gajeren zango kuwa ka cire rai, waɗannan allunan ba su san shi ba.

Yanzu abin da ya fi damuna. Masu ƙera rediyon sun sa wata waya da ake haɗawa da birkin hannu, don kada bidiyo ya yi sai mota na tsaye. Mai wayarin zai tambaye ka da murmushi, "Alhaji, a buɗe maka kallo?" Yana nufin ya ɗaure wayar a jikin mota, rediyon ya zaci kullum a tsaye kake. Ka ce a'a, kuma ka leƙa ka tabbatar, har cikin saitin allon, don wasu daga can ake kashe wannan kariya. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka kai ido kan fim daƙiƙa 3, ka shafe sama da mita 80 ba direba a motar. Ka tuna hanyar Kano zuwa Zariya: shanu na tsallakawa, ɗan acaɓa na fitowa daga gona, yarinya mai tallar gyaɗa na gudu zuwa tagar wata mota. Kada ka ce don fasinja ne. Ido ba ya jin magana in hoto na motsi a gefensa, kuma ba ranka kaɗai ke kan titin ba.

Ko ba fim, gilas ba maɓalli ba ne. Tsohon rediyo hannu ke lalubarsa, ido na kan hanya. Allo kuwa sai ka kalle shi kafin ka san inda yatsarka ta sauka. Saboda haka ka sa a haɗa maka maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki, in ka samu mai abin murɗa murya ka fifita shi, a kuma haɗa wayar lemo da ke rage hasken allo in ka kunna fitila, don kada ya kashe maka ido da dare. Inda za ka, ka rubuta shi a taswira tun mota na tsaye.

In an gama, kada ka biya duka. Ka gwada esi, ka sa ribas ka ga kyamara, ka saurari sifikokin ɗaya bayan ɗaya, ka zare makulli ka ga allon ya mutu. In an cire tsohon rediyonka, ka karɓe shi da sukurorinsa ka adana, mai sayen motar wata rana zai tambaya. Ka bar ta kwana biyu ba a tashe ta ba. In ta tashi da bugu ɗaya, sai ka kai wa mai wayarin cikon kuɗinsa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo da ita, ina so in ga haɗin da idona.