Zurmi: Abin da Na Gani a Gindin Teburin Mai Shayi

Suna ne ya kai ni Zurmi a wannan karon. Matar ƙanena ta sauka, aka samu ɗiya mace, Inna kuma ta yi rantsuwa a waya cewa in ban zo ba kada in ƙara kiranta. Daga Gusau muka kama hanyar Kaura Namoda da hantsi, domin duk wanda ya san hanyoyinmu a shekarun nan ba ya yarda yamma ta riske shi a kansu. Motar ta yi tsit, kowa da addu'ar da yake yi a ransa, sai da muka fara hango gidajen Zurmi sannan aka soma hira kamar an buɗe famfo.

Wadda ba ta taɓa zuwa ba, Zurmi tana arewacin jihar Zamfara, ta yi iyaka da jihar Katsina ta wajen Jibiya, ta kuma taɓa Jamhuriyar Nijar. A ƙasarta tsohon garin Dutsi yake, inda tarihi ya ce nan sarautar Zamfara ta fara kafuwa. Yau in aka ambaci sunan garin a rediyo, gaban mutum faɗuwa yake yi kafin a ƙarasa labarin. Amma mutane na nan, ana suna, ana biki, ana cin kasuwa, yara na tafiya makaranta da safe. Labarin wasu daga cikin yaran nan nake so in ba ku.

Washegarin suna na fita da sassafe sayen ƙosai. Kusa da tasha, inda masu shayi ke jera tebura, sai na hangi samari biyar ko shida sun duƙa suna tsintar wani abu a ƙasa, kowanne ya sa hannunsa cikin leda, suna zubawa a robar ruwa da aka yanke wa baki. Na ɗauka masu tara ƙarfe ne. Da na matsa sai na ga ɗan yayana a cikinsu, wanda yake aji biyar a sakandare, yaron da a gida ko kwanon da ya ci abinci sai an yi masa magana uku kafin ya ɗauke.

Na ce, "Kai, me kuke nema a nan?"

Ya ce, "Gwaggo, guntayen sigari muke kwashewa."

Gaskiya abin da ya fara zuwa raina ba alheri ba ne. Duk uwar da ta ga ɗanta da guntun taba a hannu ta san abin da zuciyarta za ta raya mata. Ya lura da fuskata, ya yi dariya, ya ce in bari ya dawo gida ya nuna mini wani abu.

Abin da ya nuna mini tsohon gwangwanin madara ne cike da ƙasa. Malaminsu na kimiyya ne ya sa su binne ɓawon mangwaro da guntun sigari tare tun kafin faɗuwar damina, suna zuba ruwa lokaci-lokaci. Da suka tone bayan watanni, ɓawon ya zama ƙasa, takardar sigarin ta tafi, amma farin abin nan na gindi, wanda duk muke ɗauka auduga ce, yana nan, ya dai yi datti kawai. Ashe ba auduga ba ce. Wani nau'in roba ne da aka tsefe ya zama zare-zare, yana shekaru bai ruɓe ba, kuma in ya dagargaje ma ƙananan ɓurɓushin roba yake komawa cikin ƙasa da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana yar da irin waɗannan guntaye kimanin tiriliyan 4.5 a kowace shekara, kuma babu wani abu guda da ake yarwa a doron ƙasa da yawa kamarsu. A shekarar 2022 ma, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, wadda ake yi kowace 31 ga Mayu, a kan ɓarnar da taba ke yi wa muhalli aka yi ta.

Ina riƙe da gwangwanin nan sai kakarmu ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. An daɗe ana noma ta a fadamun Zamfara, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, amfanin gonar yankin, gyaɗa da auduga da sauransu, ta nan ya riƙa bi zuwa kudu a wancan zamanin. Tsofaffin mata kan goga furen taba a haƙora su haɗa da goro, baki ya yi ja, a lokacin kwalliya ce. Tsofaffin maza kuma da garin tabarsu da kanwa a ɗan batta. Ba yabon wannan nake yi ba, ita ma cuta ce. Sai dai sharar da take bari ganye ce, damina ɗaya ta cinye ta. Ta yanzu kuwa tana zaune a kwata tana jiran ruwan sama ya kwashe ta zuwa rafi, ruwan yankin kuma ta Bunsuru da Gagare yake gangarawa gulbin Rima, inda ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi, ake noman rani. Guntun nan kuma ba fanko ba ne, aikinsa ke nan tun farko ya tsotse dattin hayaƙi, don haka da nikotin da kwalta a jikinsa ake yar da shi.

Amma ba maganar gulbi ce ta hana ni barci a daren nan ba. Wata magana ce da abokinsa ya yi, wani siririn yaro mai kunya. Ya ce, "Gwaggo, yawancin waɗanda muka sani suna sha, ba saye suka fara yi ba. Tsinta suka fara."

Na yi shiru, domin na san gaskiya ya faɗa. Yaro ɗan shekara tara ko goma ba shi da kuɗin sigari, kuma yana jin nauyin a gan shi a gaban mai tireda. Amma guntun da babba ya yar da sauran wuta a jiki, kyauta ne, babu mai tambayarsa. Ya ɗauka ya zagaya bayan kango, ya ja sau biyu, ya yi tari, abokai su yi masa dariya, gobe ya sake don kada a ce masa rago. Mu iyaye muna can muna binciken aljihu da sansanar riga, alhali ƙofar da abin ya shigo tana gindin benci a bakin titi.

Ƙofa ta biyu kuma, ku yi haƙuri, a gidajenmu take: aike. "Zo ka sayo wa Baffanka kara biyu." Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa shi ya sayar, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali sukutum. Na tsaya a gaban wani mai tireda na ɗan lokaci ina jiran canji, a gabana wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta miƙa kuɗi aka ba ta kara ɗaya da ashana. Ko kallonta bai yi ba. Ba a Zurmi kaɗai ake haka ba, a unguwarmu ta Kano ma haka ne.

'Yan matan ajin ba sa zuwa tasha, kuma ban ga laifin iyayensu ba. Nasu aikin a cikin gida yake. Wata daga cikinsu, ɗiyar maƙwabta, ta ce ita dai ta samu mahaifiyarta ta daina bari a aiki ƙannenta sayen taba, ta kuma ajiye wa kawunta gwangwani da yashi a zaure, ya riƙa kashewa a ciki. Dalilinta mai ƙarfi ne: ƙaninta mai rarrafe ya taɓa sa guntu a baki. A nan ina roƙon mu kula. Nikotin guba ce ga ƙaramin yaro. In ya haɗiye guntun sigari ko garin taba, yana iya fara amai, yawu na dalala, jiki ya saki. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A cire abin da ya rage a bakin, a tafi asibiti, a riƙe ragowar a nuna wa ma'aikata.

Ba kowa ne ke yi wa yaran kallon arziki ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ce musu a gabana, garin da ake fama da abin da ya fi wannan, su sun ga ta tsintar guntun taba. Na fahimce shi. Yaran nan sun ga an rufe makarantun jihar a 2021 bayan sace ɗalibai, sun ga watannin da aka katse layukan waya. Amma ni a ganina shi ya sa aikin ya yi musu daɗi. Abu ne da ya yi daidai da ƙarfin hannunsu, za su fara shi da safe su ga ƙarshensa kafin rana ta yi zafi. Ɗaya daga cikin masu shayin kuma, dattijo, shi da kansa ya nemo tsohon kwanon sha ya cika da yashi ya ajiye a ƙarshen benci, yana cewa masu shan, "Ga wurinku nan, kada ku sa 'ya'yan mutane duƙawa."

Matsalar da ba su warware ba ita ce inda za su kai abin da suka tara. Da farko ƙonawa suka yi, malamin ya hana, ya ce hayaƙin roba da guba za su shaƙa. Yanzu robobin suna jere a bayan ɗakin ɗan yayana, an toshe bakinsu da leda, mahaifiyarsa na ta mita wari ya ishe ta, shi kuma yana cewa a bari sai sun ƙara yawa su kai wa masu kula da tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma su gani da idonsu.

Ranar da zan koma, shi ya riƙe mini jaka zuwa tasha. Kwanon dattijon yana nan, da guntaye a tsaye cikin yashi, wasu kuma a ƙasa dab da shi, waɗanda masu su ba su ga dama ba. Ya ajiye jakata a but, ya laluba aljihu ya ciro leda. Direba na ta kiran saura mutum ɗaya, ni kuma ina leƙe ta taga ina ce masa ya wanke hannu da sabulu kafin ya karya.