Waje da Gida: Hirar Magoya Baya a Gabashin Sakkwato

A Hausar mutanen gabashin Sakkwato, kalmar "waje" ba ta hawa kan Nijar. Idan aka ce wane ya tafi ƙasar waje, abin da ke zuwa a rai shi ne Makka ko Masar ko Ingila, wuraren da sai an yi fasfo an hau jirgi. Wanda ya nufi Ƙonni ko Madawa ko Maraɗi kuwa, ƙetarawa kawai ya yi. Tsofaffi kan ce ya shiga Faranshi, su kuma na can su kira wannan ɓangare Ingilishi, sunayen da ke tuna wa mai sauraro cewa iyakar ta Turawa ce. Wannan ɗabi'a ta harshe shaida ce ta zumunci, amma ta rufe wa mutanen yankin ido a yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Wani tsohon malamin firamare a Wurno yana cikin ƙalilan da suka lura da haka tun kafin a jefa ƙuri'a.

Malamin yana da majalisa a ƙofar gidansa, wadda kan cika bayan la'asar. Mutum uku ne suka fi ɗaga murya a cikinta a wancan hunturu. Akwai ɗan ƙanensa, direban motar haya tsakanin Sakkwato da Goronyo, wanda ke bin APC saboda Sanata Aliyu Magatakarda Wamakko. Akwai wani dillalin albasa da tafarnuwa, mutumin Goronyo, da ke bayan Atiku Abubakar, domin har lokacin bai huce daga rufe iyakokin da gwamnatin Buhari ta yi a Agustan 2019 ba. Na ukun wani saurayi ne ɗan Raba, tsohon ɗalibin malamin, mai jar hula irin ta Kwankwasiyya. Mafi yawan gardamarsu a kan canjin kuɗi take, wanda ya sa mutum ya wuni da buhun albasa bai ga naira a hannu ba, sai matsalar 'yan bindiga, sai batun takarar Musulmi da Musulmi da ko mulki ya kamata ya koma Kudu.

Harkokin waje sun shigo hirar ta wayar saurayin. Ya nuna musu Kwankwaso yana jawabi a Chatham House da ke Landan a Janairun 2023, ya ce ga wanda zai fitar da ƙasa kunya a gaban duniya. Direban ya ce ai Tinubu ya riga shi zuwa tun Disamba. Dillalin ya ce nasa gwanin ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa, ba ya bukatar Turawa su yi masa jarrabawa. A wurinsu duka, ma'aunin iya hulɗa da ƙasashe shi ne tsayuwa a gaban Bature. Malamin ya bari suka yi shiru, sannan ya ce: "To cikinsu wa kunka ji ya yi magana bisa yadda za shi zama da Nijar?" Direban ya yi dariya ya ce: "Haba Baba, Nijar ai ba ƙasar waje ta ba." Sauran suka goyi bayansa, har dillalin da asararsa duka daga iyakar ta fito. A ganinsa rufe iyaka rigima ce tsakaninsa da jami'an kwastan a kan shinkafa, kuma alkawarin buɗe ta ya wadatar.

Hujjar malamin daga tarihin garinsu ta taso. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Shi ne ya karɓi Clapperton a 1824, ya kuma aika wa Sarkin Ingila da wasiƙa. A 1853 Heinrich Barth ya sauka a Wurno a zamanin Aliyu Babba. A 1885 Joseph Thomson ya zo garin da takardar yarjejeniya a madadin kamfanin Ingilishi, takardar da daga baya aka kafa hujja da ita wajen da'awar mallakar ƙasar. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 kuma ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato ta kira ta iyaka, kafin a sake gyara ta a 1904 da 1906. Ƙarshen abin shi ne Gobirawan Sabon Birni suka faɗo wannan gefe, na Tsibiri suka faɗa wancan. Abin da malamin ke son su gane shi ne, duk lokacin da aka yanke shawara a kan hulɗar ƙasashe a wani babban birni, a wannan yanki ake fara jin nauyinta. Ya tuna wa tsohon ɗalibinsa cewa Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba wanda ya riƙe hakimcinta tun 1934, bai taɓa ɗaukar harkokin waje a matsayin aikin Legas kaɗai ba, ko da yake tsarin mulki a hannun gwamnatin tarayya ya sa su. Ya zama mataimakin shugaban Rabiɗatul Alamil Islami, ya kuma tsaya a kan ra'ayinsa game da Isra'ila ko da ya saɓa wa na tarayya.

Ga dillalin kuwa, ruwa da tsaro malamin ya kawo. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya ratsa Nijar, ya dawo ya zuba a Rima, kogin da madatsar Goronyo ke tarewa, wanda fadamun Goronyo da Wurno ke sha. Fitaccen irin albasar da ake yi wa laƙabi da Galmi sunan wani gari ne a Nijar. 'Yan bindigar da suka addabi yankin, tun daga harin Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Raba a Yulin 2018 har zuwa na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ba sa tsayawa a kan iyaka, kuma dubban mutanen da suka tsere daga gabashin Sakkwato a jihar Maraɗi suka sami mafaka. Duk waɗannan abubuwa suna rataye ne a kan jituwar Abuja da Yamai. Majalisar ta saurare shi saboda girman furfura, sannan ta koma kan lissafin wanda zai ci Sakkwato.

An yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Atiku ya ci jihar da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba, Tinubu ya ci ƙasa. Ranar 9 ga Yuli aka naɗa shi shugaban ECOWAS. Ranar 26 ga watan sojoji suka tsare Shugaba Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu ƙungiyar ta ba su wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijar ke samu daga Najeriya, manyan motoci suka yi layi a Illela kaya na lalacewa a cikinsu.

Majalisar Wurno ba ta taɓa yin zafi irin na wancan Agusta ba. Direban bai janye daga gwaninsa ba, kuma maganarsa tana da nauyi: ya ce idan aka ƙyale kowane soja ya ture zaɓaɓɓe, ƙuri'ar da suka sha rana suka jefa ba ta da wata daraja, kuma Mali da Burkina Faso sun isa misali. Dillalin ya ce ba a gyara gidan maƙwabci da yunwa, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi malamin ɗiyarsa tana aure a Ƙonni, a cikin watan ta haihu. Uwarta ta tafi a bayan babur ta hanyar daji, shi kuwa da gwiwa ba ta ɗaukar wannan tafiya sai ta waya ya ji sunan jikansa. Bai ce wa kowa "na faɗa muku" ba. Ya dai nuna musu cewa da aka tashi neman wanda Yamai za ta saurara, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar aka tura tare da Janar Abdulsalami Abubakar, daga baya kuma tawagar malamai ta bi. Majalisar dattawa ma ta ƙi amincewa da yaƙi, sanatocin Arewa ne kan gaba wajen ƙin. Zumuncin da ba wanda ya tambayi 'yan takara a kansa, shi aka koma ana roƙo ya yi aikin jakadanci.

ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris, amma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar baki ɗaya. Yanzu a majalisun Wurno da Raba da Goronyo ana tambayar abin da mai neman mulki zai yi da Nijar, kuma wannan shi ne abin da malamin ya nema. Sai dai ya fara jin wasu samari suna cewa "can waje" idan suna nufin Ƙonni, kuma hakan ya fi tsohuwar dariyar damun sa. Burinsa shi ne masu zaɓe su san cewa a takardun Abuja Nijar ƙasa ce dabam, don su tambayi mai neman ƙuri'arsu yadda zai zauna da ita, alhali a bakinsu tana nan yadda kakanninsu suka bar ta. Jikan nasa yana tasowa a Ƙonni, kuma malamin kan ce ba ya so yaron ya zo Wurno wata rana a tarbe shi da "sannu baƙo".